Kwat Ɗin Manaja

Duk wanda ya taɓa kai wanki shagon Baba Tsaf ya san ƙofofi biyu ne a bayan kanta. Ta dama ta ɗakin guga ce, daga nan tururi da ƙamshin sitati ke fitowa. Ta hagu kullum a rufe take, ita ce ta ɗakin da ma'aikata suka laƙaba wa suna ɗakin jira. Kaya ne ke jira a ciki, riguna da wanduna da labulaye, har da wata farar rigar amarya, duk na mutanen da suka kawo wanki suka tafi ba su sake waiwayowa ba. Sauran masu wanki in kaya suka daɗe a hannunsu sai su kira dillalin gwanjo. Shi Baba Tsaf ko hankici bai taɓa sayarwa ba. Lokaci-lokaci yakan shiga ya kakkaɓe ledojin, ya sake goge wanda karinsa ya kwanta, ya mayar kan hanga. In aka tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: "Wanda ya bar kaya zai dawo."

Yana da hujja kuwa. Wani mutum ya taɓa shigowa a rame, gemu ya yi furfura, ba rasit ba komai, ya ce ya bar wando da riga tun kafin a ɗaure shi. Baba ya shiga ɗakin hagu ya fito da su a goge. Mutumin ya rungume ledar ya zauna a benci yana kuka. Wannan labari Baba ya bayar da shi har ma'aikata suka haddace. Waɗanda ba su dawo ba kuwa, da kayansu suka cika ɗaki har rufi, bai taɓa kawo zancensu ba. Ɗan Adam ke nan, abin da ya yi masa daɗi shi yake riƙewa.

Da baho ɗaya da dutsen guga na gawayi ya fara, a ƙarƙashin matakalar wani ƙaramin otal, yana saurayi. Ba shi da surutu. In ya gama riga sai ya ɗaga ta sama ya dubi kwala, ya dubi hannu, ya ce, "Tsaf." Daga nan sunan ya bi shi, har na yanka ya ɓace. Da ya yi aure ya kama shago, matarsa ta zauna a gefen kanta da gwangwanin maɓallai. Duk rigar da maɓallinta ke lilo sai ta ɗinke kafin a ba mai ita, ba a kuma ƙara masa ko sisi. Ma'aikata suna ce mata Mama. Ita ce mai bakin shagon, domin shi in ka bar shi sai ya wuni bai haɗa jimla uku ba.

'Ya'ya mata suka fara zuwa, suka girma, suka yi aure, kowacce ta bi mijinta. Namijin ya zo a makare, lokacin da har an daina sa rai. Tun yana rarrafe a cikin kwandon wanki yake barci. Da ya fara wayo sai ya riƙa saƙale biro a kunne yana zagaya ma'aikata, hannu a baya, yana cewa wannan bai fita ba, a sake. Bahago, babban mai gugar shagon, wanda ke riƙe dutse da hagu, shi ya fara ce masa Manaja don tsokana. Sunan ya zauna daram.

Baba ba mutum ne mai dogon buri ba. Abu ɗaya yake so a duniya: ranar da hannunsa ya gaji, ya ja kujera gefe ya zauna, ya ga ɗansa a bayan kantar nan. Don haka ya sa shi makaranta har jami'a, ya karanci harkar kasuwanci, a ganinsa yaron zai dawo ya riƙe shago da ilimi. Ranar bikin kammalawa ya saya masa kwat ruwan toka, ya goge shi da hannunsa.

Sai dai karatu yakan buɗe ido, kuma idon da ya buɗe ba ka zaɓa masa inda zai duba. Abokan Manaja suka fara ficewa daga ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Shi ma wani kamfani a waje ya yi masa tayin aiki. Ranar da ya faɗa, Baba yana kan guga, ya ajiye dutsen a tsaye, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

"Shagon fa?" in ji shi.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shagon nan hannunka ne kawai. Kai ka san rigar kowa, kai ka san tabon kowa. Ranar da ka kwanta ciwo, shago ya kwanta. Wannan sana'a ce, ba kamfani ba."

"To a mayar da shi kamfanin mana."

Manaja ya yi dariya. "Za ka yarda?"

"In za ka zauna, komai ka ce."

Haka aka yi cinikin, ba takarda ba shaida, Mama na gefe tana zura zare a allura.

Gaskiya yaron ya san abin da yake yi, wannan ba mai musu. Ya sa aka fara manna wa kowace riga lamba, don kada sai Baba ne kaɗai zai gane mai ita. Ya zauna kusa da uban da Bahago yana kallon yadda suke cire tabon mai da na tawada da na gumi, ya tsara shi mataki-mataki yadda sabon ma'aikaci zai koya cikin mako. Ya sayo babura masu akwati a baya, su je gida su ɗauko wanki, su mayar a goge. Ya bi otal-otal da asibitoci masu zaman kansu ya karɓo kwangilar zannuwan gado. Aka buɗe reshe a unguwar ma'aikata, aka buɗe wani kusa da jami'a. Aka zana fuskar Baba a jikin allo da motoci, yana murmushin da ba wanda ya taɓa gani a fuskarsa ta gaske.

Abubuwa da yawa ba su kwanta wa Baba ba. Bai ga dalilin da mai riga zai ƙi zuwa ya karɓi rigarsa da kansa ba, a gaisa, a tambayi iyali. Amma duk sabon abin da aka kawo, a wurinsa turke ne da aka ƙara kafa wa yaron. Reshe biyu sun fi ɗaya wuyar bari, in ji zuciyarsa. Saboda haka komai aka ce sai ya ce to. Ɗakin jira ne kawai ya ce kada a taɓa masa, Manaja kuma ya ɗaga kafaɗa ya bar shi.

Wata rana da hantsi yaron ya zo da kwamfutarsa ya ɗora a kan teburin guga, ya nuna wa uban taswira. A ƙasar da ke maƙwabtaka da su akwai wani birni da ake ta gina otal-otal, masu wanki na kirki kuwa babu. Ya riga ya samu abokin hulɗa ɗan can, mai lasisi da fili. Su za su kawo suna da tsari da horarwa. In wannan ya kama, ƙasa ta gaba ma a buɗe take.

"Garin nan ya cika, Baba. Kamfanin da ya daina girma ya fara mutuwa."

"Wa zai je?"

"Ni mana. Ba a tura ɗan aike ya kafa gida. 'Yan watanni ne, in ya tsaya da ƙafarsa in dawo."

Baba ya dubi taswirar bai ga komai ba sai layin da ya raba ƙasashen biyu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ya so ya ce a'a, amma da wane baki? Shi ya ce komai yaron ya ce. Aka ɗaure babban injin wanki a mota, aka yi wa Bahago fasfo, domin dole a tafi da hannun da zai koya wa mutanen can karin guga irin na gidan.

Ana gobe tafiya Manaja ya miƙo kwat ɗin nan ruwan toka, ya ce a wanke masa, da shi zai gana da masu otal. Baba ya karɓa ya wanke da kansa. Kafin la'asar ya bushe ƙarau. Ya tsaya da shi a hannu a ɗakin guga, dutse na zafi, teburi a shimfiɗe. Sai ya kashe dutsen, ya sa kwat ɗin a leda haka nan a yamutse, ya buɗe ƙofar hagu ya rataye shi can ƙurya bayan rigar amarya.

Da safe mota na jira a ƙofar shago, Manaja ya leƙo ya ce, "Baba, kwat ɗina."

"Bai bushe ba."

"A shagon da ke da injin busarwa?"

"Kwat ba ya son inji."

Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya saɓa wa mai kaya alkawari. Yaron ya dubi agogo ya yi dariya. "Ba komai, na sayi wani a can. In na dawo na karɓa."

Kalmar da Baba ke jira ke nan. Ya ji ta, ya adana ta. Mama ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta mayar da kai kan ɗinkinta.

Da reshen can ya rushe, da labarin ya zo da sauƙi. Amma ya kama, kamu na gaske. Watanni suka zama shekaru. Daga wannan birni aka tsallaka wata ƙasar, daga can aka shiga ta uku. Ofishin kamfani ya koma inda Manaja yake, don can ya fi kusa da komai. Ya auri 'yar can, mace mai kirki da ke gaishe su a waya da 'yan kalmomin da ta koya. Jikoki suka zo, suna ɗaga wa kakansu hannu ta gilashin waya suna magana da harshen da ba ya ji. Bahago ya zama babban mai horarwa, ya yi tumbi, ya kwashe iyalinsa.

Manaja ya zo gida, ba a ce bai zo ba. Sau ɗaya ya zo taron banki, ya sauka a otal, ya biyo gida da yamma da tsaraba niƙi-niƙi, waya na ta ƙara a aljihunsa, washegari ya wuce. Wani zuwan ma haka. Shagon bai taka ba, ya ce yana ganin komai nasa a kwamfuta. Baba kuwa bai tuna masa da kwat ba. A lissafinsa wannan leƙowa ce, ba dawowa ba, kuma ba ya so a karɓi kwat ɗin a tsaitsaye.

Kada wani ya ɗauka an bar tsohon cikin wahala. An gyara masa gida, an saya masa mota da direba, asibitinsa a biye yake. Abin da ya rasa ba a aiko shi ta banki. Wanki duk ya koma wata babbar ma'aikata a bayan gari, tsohon shago ya zama wurin karɓa da bayarwa. Tsofaffin abokan ciniki wasu sun mutu, wasu babur ke zuwa musu gida. Aka bar masa teburinsa da dutsensa don girmamawa, yana goge 'yan rigunan tsofaffin da suka nace sai shi. Hannun ma ya fara rawa. Ranar da ya ƙona kwalar wata farar riga, ya zauna ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya ce wa Mama, "Lokacin jan kujera ya yi." Ba ta tambaye shi wa zai tsaya a kantar ba, don ta san amsar ba ta hannunsa.

Ana nan sai ofis ya turo wata jami'a mai kula da rassa. Matashiya ce mai ladabi, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tun tana sabuwar ma'aikaciya ake ba su tarihinsa a wajen horarwa. Ta yi bayani a hankali. Wasu masu zuba jari za su shigo, kuma sharaɗinsu kowane reshe a kowace ƙasa ya zama iri ɗaya, daga fenti har kantocin jera kaya. Ɗakin hagu za a mayar da shi wurin jera kayan 'yan babur. Kayan da ke ciki, mai lambar waya za a kira shi a kai masa har gida kyauta, sauran a ba mabukata.

"In masu su suka zo fa?"

"Baba, wasu kayan sun girme ni."

Ya ba ta makulli. Kwana biyu ana fitar da ledoji, ƙura na tashi, yana zaune a benci yana kallo. Ya san mai kowace riga, wasu har muryarsu yana ji. Rigar amarya ta wuce ta gabansa a kafaɗar wani ma'aikaci. Can jami'ar ta fito da leda ɗaya a hannu.

"Baba, wannan ba lamba, kuma ko guga ba a yi masa ba."

"Na mai kamfanin ne. Ajiye shi."

Fuskarta ta washe. "Na Oga? Ai kuwa an yi sa'a. Motarmu da ke kai sinadaran wanki da rigunan ma'aikata tana tsallaka iyaka duk mako, gobe ma za ta tashi. Sai a ba direba."

Ya ce ta dakata. Ya fita bakin shago inda ba hayaniya, ya kira ɗansa. Sai a kira na biyu aka ɗauka.

"Baba, lafiya dai? Ina shirin shiga taro."

"Lafiya. Kwat ɗinka ne."

"Wane kwat?"

"Ruwan toka. Na kammala karatu."

Sai dariya ta zo, dariyar jin daɗi ba ta raini ba. "Ashe yana nan. Kai, Baba. To a ba direba ya taho min da shi, yara su ga kayan da babansu ya sa."

"Cewa ka yi in ka dawo za ka karɓa."

"Ai aikinmu ke nan, Baba, kada mai kaya ya sha wahalar zuwa. Ni da nake kai wa mutanen ƙasa uku wanki har ƙofa, nawa ne zai gagara?" Ya sassauta murya. "Kuma na sha faɗa muku, ku taho nan kai da Mama. Ɗakinku na nan a gyare."

"Wa zai tsare shago?"

"Shago yana tsare kansa yanzu. Abin da muka yi ta wahala a kai ke nan."

Baba ya ce to. Ya saba cewa to.

Da ya koma ciki ya kunna dutse. Ya ciro kwat ɗin daga leda, ya yayyafa masa ruwa, ya shimfiɗa ƙyalle a kai. Yamutsar shekaru ba ta fita da sauƙi, sai da ya bi ta gaɓa-gaɓa, kafaɗa, baya, hannu, bakin aljihu. Ya riƙe wuyan hannun damansa da na hagu don kada ya yi rawa. Mama ta jawo kujera, ta karɓi gefe ɗaya ta ƙarfafa wani maɓalli da ba abin da ya same shi.

"Tun ranar na san ya bushe," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Na san kin sani."

"Da ka goge masa ya tafi da shi, da ka huta da shiga ɗakin nan kullum."

Ya ɗaga kwat ɗin sama ya dubi kwala, ya dubi hannu. Kalmar da ya saba faɗa ba ta fito ba. Washegari direba ya manna wa ledar lamba, ya rataye ta a bayan mota tsakanin jarkoki, ya ja ƙofa.

Bayan 'yan kwanaki waya ta yi ƙara suna zaune a shago, ana buga kantocin jera kaya a ɗakin hagu. Manaja ne, muryarsa cike da fara'a. Kwat ya iso. Ya nuna wa Bahago, Bahago ya ce duk kamfanin ba mai iya fitar da kafaɗa haka. Sai dai abin dariya, ko kusa maɓallin bai kai ba, tumbi ya hana.

Baba ya miƙe tsaye. "Wannan mai sauƙi ne. Akwai sauran yadi a cikin ɗinkin, na gani. Ka ba direba ya dawo da shi, mamanka ta buɗe maka shi. Sai ka zo a gwada a jikinka, don irin wannan ba a yin sa da ka."

"Haba Baba, kada ku wahalar da kanku. Na riga na ba mai gadinmu, kamar don shi aka ɗinka. Yana ta godiya, ya ce a gaishe ka."

"Ina amsawa."

"Zan kira ranar hutu, yara su gaishe ku."

Wayar ta mutu. Ya daɗe da ita a kunne, sannan ya sa a aljihu ya koma benci ya zauna. A ɗakin hagu guduma na ta aiki, an cire ƙofar ma gaba ɗaya an jingine ta a bango.

Mama ta rufe gwangwanin maɓallanta. "Me ya ce?"

"Ya ce gugar ta yi kyau."